Ofishin neman gurbin karatu a Amurka da ke kusa da Terminus a Jos: abin da kuɗinmu ya saya

Tun da 'yata ta tafi karatu Amurka a watan Agustan 2024, iyayen ɗalibaina ke tare ni a bakin makaranta suna tambayar ko ofishin da muka bi a nan Jos ya ci kuɗinsa. Amsata dai ɗaya ce: a wajen lissafin kuɗi da cike takardun neman tallafi, aikinsu ya fi abin da suka karɓa. A wajen rubutun da yarinya ke yi a kan rayuwarta kuwa, da sun cire hannunsu ya fi.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba. Yana saman wani bene a titin Ahmadu Bello, ɗaki biyu, da kwamfutoci huɗu da injin wuta mai ƙara. Mai wurin mace ce wadda ta yi digirinta a can. Naira 250,000 suka karɓa a 2023, kashi biyu, kuma sun ba da rasit ba tare da na tambaya ba.

Ranar farko ba ta ko duba sakamakon WAEC ɗin yarinyar ba, duk da na ɗora shi a kan tebur ina jiran yabo. Ta ce, "Malama, ki gaya min gaskiya, dala nawa gidanku zai iya fitarwa a shekara, har shekara huɗu, ba tare da an sayar da gida ba?" Ni malamar kimiyya ce a sakandare, maigidana kuma kayan gini yake sayarwa a Dilimi. Na faɗi abin da za mu iya. Ta rubuta, ta ce a kan wannan adadin za a zaɓi makarantu, ba a kan sunan da yarinya ta ji a intanet ba.

A nan ne kuɗinmu ya fara aiki. Manyan jami'o'i masu zaman kansu a Amurka suna cin sama da dala 80,000 a shekara in an haɗa karatu da ɗaki da abinci. Fom ɗin tallafin gwamnatinsu, FAFSA, na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama, ɗan Najeriya ba shi da rabo a ciki. Jami'o'in jihohi kuma ba kasafai suke ba baƙo abin kirki ba. Saboda haka abin da ya rage shi ne aljihun makarantar kanta. A shekarar da muka nema, makarantu bakwai ne ke duba takardun baƙo ba tare da kallon talaucinsa ba, sannan su biya masa duk abin da ya gaza: Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin. Daga baya Brown da Notre Dame sun bi sahu. Amma duniya kaf can take rububi. Sauran masu ba da tallafi kuwa, yawan abin da ka roƙa yana shiga cikin hukuncin ɗaukarka. Mai ofishin ta bayyana mana cewa yaro zai iya samun takardar ɗauka mai kyau, da tambari da komai, a bar iyayensa da dala 30,000 a shekara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ta ce irin wannan takardar ba ta ƙirga ta a matsayin nasara, kuma na ga ba ta liƙa irinsu a bango kamar yadda wasu ofisoshin ke yi.

Common App, shafin da ake nema ta cikinsa, yana buɗewa 1 ga Agusta, kuma makarantu 20 ne iyaka. Ta hana mu cika ashirin ɗin. Biyu kawai ta yarda a saka daga cikin manyan nan, sauran ƙananan kwalejoji ne a garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, waɗanda ke da tarihin ɗaukar nauyin 'yan Afirka. Ta kuma tilasta wa yarinyar yin rajistar JAMB, ta ce duk wanda ya jingina da Amurka kaɗai ba ta aiki da shi.

Wurin da na fi jinjina musu shi ne fom ɗin neman tallafin makarantu, CSS Profile, na hukumar College Board. Fom ne da aka tsara wa mutanen da komai nasu a rubuce yake, ya zo ya tarar da gidan ɗan kasuwa. Yana tambayar kuɗin shiga na shekara, da darajar gida, da bashi, da yawan mutanen da ke ci daga tukunyarka. Albashina yana da takarda, amma cinikin siminti da kwano fa? Ma'aikacinsu ya zauna da maigida da littafin shago da bayanan banki, suka fitar da adadi na gaskiya wanda za a iya karewa in an tambaya. Ya sa muka rubuta surukata da marayu biyu na ƙanin maigida da ke hannunmu, waɗanda mu ba ma ɗaukarsu abin faɗa wa wani Bature. Ya kuma sa aka yi bayanin faɗuwar naira, domin tun da aka sake ta a Yunin 2023 take zubewa, har dala ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Abin da muka yi alkawari a Oktoba ya zama wani abu daban kafin Maris. Fom ɗin dala 25 ne makarantar farko, dala 16 kowace ƙari, kuma a lokacin katin naira na yawancin bankuna ba ya biyan kuɗin waje. Da katinsu aka biya, muka ba su naira a farashin ranar, ba su ɗora ko sisi ba. Kuɗin neman gurbi kuma, wanda kan kai dala 75 zuwa sama a wasu makarantun, sun nuna wa mai ba da shawara na makarantar yarinyar yadda zai nema mata yafiya, aka yafe.

SAT, jarabawar shiga jami'a ta Amurka, ba sa koyarwa, kuma sun faɗa tun farko. 'Yata ta yi shiri da kanta a shafin Khan Academy, kyauta, ta rubuta a kwamfuta.

Sai maganar rubutu. Common App yana son yaro ya rubuta labarinsa cikin kalmomi 650 ko ƙasa da haka. 'Yata ta rubuta a kan yadda take riƙe wa kakarta lissafin adashi tun tana aji huɗu na firamare, da yadda ta gano cewa mai ɗaukar farko da mai ɗaukar ƙarshe ba riba ɗaya suke ci ba in kaya na tsada. Na karanta na ji muryarta. Wani saurayi da suka ɗauka don gyaran Turanci ya karɓa, ya dawo da shi cike da rikicin Jos da hayaƙi da hawaye, wai abin da Turawa ke so ke nan. Yarinyar da aka haifa bayan rikicin 2001, wadda ba ta da wayo a lokacin na 2008 da 2010. Ta ce, "Umma, wannan ba ni ba ce." Na koma wajen mai ofishin, ta karanta duka biyun, ta ce a mayar da na adashin. Ta gyara, amma na tambayi kaina yara nawa ne iyayensu ba su karanta ba aka tura musu labarin wani. In za ku bi ta wurinsu, ku ajiye rubutun farko na yaronku, ku gwada shi da abin da aka dawo da shi.

Wani abin kuma, a Disamba, daidai lokacin da ake neman su ido rufe domin wa'adin farkon Janairu, waya ba ta shiga. Sun ɗebi yara fiye da ƙarfinsu. Wasiƙar shaidar malami ɗaya sai da na je ofishin da ƙafata kafin aka bi sawunta.

A ƙarshen Maris manyan biyun suka ƙi ta. Wata ƙaramar kwaleji a jihar Ohio ta ɗauke ta, ta bar mana dala 9,000 a shekara. Mai ofishin ta zaunar da yarinyar ta rubuta takardar neman sake dubawa, aka haɗa da farashin dala na Oktoba da na Maris, aka rage mana zuwa abin da muke iya ɗauka da kyar. Ta kuma tuna mana tun da wuri da abin da tallafi ba ya biya: dala 350 ta SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnatin Amurka, dala 185 ta biza, tikitin jirgi, da rigunan sanyi, domin sanyin Jos da muke taƙama da shi ba komai ba ne a can. Aikin da ɗalibi zai yi a harabar makaranta bai wuce awa 20 a mako ba a lokacin karatu, na sabulu ne da littafi.

Wanda yaronsa ke da kan bincike, kuma albashinsa a rubuce yake, ya fara da EducationUSA, sashen ba da shawara na gwamnatin Amurka da ke da cibiya a Abuja, kafin ya biya kowa. Mai ofishin ma da kanta ta tura mu can. Ɗan kasuwa irin maigidana shi ne zai fi amfana da ofishin nan na Jos. Sai dai tun 2025 Amurka ta tsaurara dokokin biza a kan 'yan Najeriya, kuma a takardar yarjejeniyar ofishin da muka bi an rubuta cewa ba sa mayar da kuɗi in an hana biza. Ku duba matsayin bizar ɗalibai a shafin ofishin jakadancin kafin ku biya kashi na farko.