Farmasin da aka tambaye ni kafin a karɓi kuɗina

A watan Disamban da ya gabata, lokacin da hazo ya lulluɓe Damagaram har duwatsun Birni suka ɓace wa mai hange daga nesa, fukar mahaifiyata ta tashi bayan sallar isha'i, kuma da muka ɗauko abin shaƙarta na Ventoline, wanda ita take kira famfo, sai muka tarar babu komai a ciki. Na hau babur na nufi farmasin da ke kan gadi a wannan makon, wato wanda ke kwana a buɗe, ina ɗauka zan miƙa kuɗi a miƙo mini kwali in juyo. Tun daga daren nan can muke sayen maganin gidanmu, kuma na je sau da yawa isasshe da zan iya faɗin abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Wadda na tarar a bayan kanta ita ce farmasiyan ɗin kanta, mace mai matsakaicin shekaru da ma'aikatan ke kira Dokta. Ta ɗauko famfon ba tare da ɓata lokaci ba, amma kafin ta sake shi sai ta ce, "Malam, yaushe kuka sayi wanda ya ƙare?" Na ce bai kai wata biyu ba. Ta ɗaga kai ta dube ni, domin gwangwani ɗaya feshi 200 ne, kowane feshi mikrogram 100 na salbutamol, kuma wanda fukarsa ke kwance bai kamata ya cinye shi cikin makonni ba. Ta tambayi sauran magungunan da Hajiya take sha. Ban sani ba, saboda haka na kira ƙanwata, ta zazzage ledar maganin a kan tabarma, ta ɗauki hoto ta turo ta WhatsApp. Dokta ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ta nuna mini kati biyu: ɗaya propranolol ne mai miligram 40, ɗaya kuma maganin mura ne mai pseudoephedrine a ciki, irin wanda ake saye a faranti wajen 'yan talla. Ta ce, "Ka kai mata famfon yanzu ta shaƙa, sannan ku wuce sashen gaggawa na asibiti da ledar nan gaba ɗaya, kada ku jira safiya."

Bayanin dalili sai bayan kwana biyu na same shi, da na koma da ordonansin likita, kuma shi ne ya sa nake ganin wurin ya cancanci a yi rubutu a kansa. A jikin mutum akwai wani sashen jijiyoyi da ba ya jiran umarninsa, wanda zan kira jijiyoyin ko-ta-kwana, domin su ne ke tashi idan kare ya biyo mutum a lungu: zuciya ta ƙara sauri, ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, hanyoyin iska na huhu su faɗaɗa. Saƙonsu sinadarai biyu ne ke kai shi, noradrenalin da ke fita daga ƙarshen jijiyoyin, da adrenalin da ke fitowa daga wani ɗan ƙullutu a saman kowace ƙoda. Saƙon yana sauka ne a kan makarɓai, wato wasu ƙananan gurabe a jikin gaɓoɓi da ke karɓar sinadarin, kuma tun 1948 wani masani ɗan Amurka, Raymond Ahlquist, ya nuna cewa iri biyu ne, alfa da beta, kafin a 1967 a sake raba beta gida biyu. Beta-1 ya fi yawa a zuciya, beta-2 yana cikin naman da ya kewaye hanyoyin iska, alfa-1 kuma shi ke matse hanyoyin jini.

Salbutamol, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1969 da sunan Ventolin, beta-2 yake taɓawa, sai hanyoyin iska su saki cikin kamar minti biyar, aikinsa kuma ya ɗauki awa huɗu zuwa shida. Propranolol kuwa, wanda James Black ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960 kuma yana cikin ayyukan da suka sa ya samu kyautar Nobel a 1988, toshe beta yake yi, kuma ba ya bambanta na zuciya da na huhu. Magani ne nagari ga wanda ya dace da shi, amma ga mai fuka yana iya shaƙe numfashi, sannan ya hana famfon yin aikinsa.

Da muka bi diddigi a gida, sai muka ga yadda aka yi ta tufka da warwara. Mura ce ta fara kama Hajiya da shigowar hunturu, aka sayo mata maganin faranti, wanda ke buɗe hanci ta hanyar matse hanyoyin jini, kuma ba na hanci kaɗai yake matsewa ba, don haka yana ɗaga hawan jini ya sa zuciya bugu. Ƙura ta sa ta ƙara yawan shaƙar famfo, shi kuma idan ya yi yawa yana kawo rawar hannu da faɗuwar gaba. Wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta ba ta ƙwayar da ta ce ita ce ke kwantar mata da tata zuciyar, wato propranolol ɗin. Zuciyar ta kwanta, ƙirji kuma ya ƙara toshewa, famfo ya ƙara shan matsa. Likita a asibiti shi ya tsara yadda za a janye propranolol ɗin, domin wanda ya daɗe yana shan irinsa, musamman mai ciwon zuciya, ba a so ya yanke shi rana ɗaya da ra'ayin kansa. Ya rubuta mata amlodipine don tansiyo, wanda hanyar aikinsa daban ce, ya ƙara da abin shaƙa na beclometasone safe da yamma, wanda shi ne ke maganin kumburin da ke haddasa fukar tun daga tushe.

Akwai tambaya ɗaya da na ɗauka a lokacin neman magana ce kawai: ko Hajiya tana ɗiga wani abu a ido? Ashe timolol, maganin ɗigawa na hawan jinin ido, ɗan gidan su propranolol ne, yana gangarawa ta magudanar hawaye zuwa hanci ya shiga jini, kuma yana iya tayar da fuka. Ba ta amfani da shi, amma yayana yana da wannan ciwon ido, kuma gidajenmu kowa ya san yadda kwalbar magani ke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da na kawo Hajiya da kanta. Dokta ta fito daga bayan kanta, ta rusuna ta gaishe ta, ta ce, "Inna, nuna mini yadda kike shaƙa." Sai ga shi tana fesa wa harshenta ne, rabin maganin yana fita ta gefen baki kamar hayaƙin turare. Robar da ake haɗawa da famfo don sauƙaƙa shaƙa ta ƙare musu, saboda haka ta aiki yaro ya kawo gorar ruwa ta rabin lita, ta fasa gindinta daidai bakin famfon, ta nuna mata: a girgiza, a fesa sau ɗaya a cikin gora, a ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar, sannan a sake. Ta gargaɗe ni kada in bar gwangwanin a ƙarƙashin kujerar babur ko a rana, tunda an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40, kuma kada yara su jefa wanda ya ƙare a wuta domin yana fashewa. Ta kuma nuna mana salbutamol na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ta bar mu mu zaɓa.

Sai dai duk wannan alherin a jikin mutum ɗaya yake rataye. Wuri ɗaya ne na biyan kuɗi, layi yana kaiwa bakin ƙofa bayan la'asar, kujera ɗaya tak ce ga tsofaffi, kuma matsalar canji ba ta ƙarewa. Waɗannan duk ana iya haƙuri da su. Wanda ban ji daɗinsa ba shi ne ranar da na je Dokta ba ta nan, na nemi maganin toshewar hanci don kaina, wani saurayi ya miƙo mini ƙwaya mai pseudoephedrine da feshin hanci na oxymetazoline, bai tambaye ni ko ina da tansiyo ba, bai kuma faɗa mini cewa feshin idan ya wuce 'yan kwanaki hancin ƙara toshewa yake yi ba. A Faransa, inda kwalaye da yawa na kantocinmu suke fitowa, tun Disamban 2024 ba a ba da ƙwayoyin mura masu pseudoephedrine sai da ordonansi. Takardar cikin kwali kuma da Faransanci take, ƙananan baƙaƙe, wanda bai yi lakwal ba ba ta yi masa amfanin komai ba.

Na faɗa wa Dokta wannan a zuwana na gaba, ta saurare ni ba tare da kare yaron ba, ta ce za ta zauna da su. Na lura da safe ta fi zama a wurin, don haka da safe nake zuwa yanzu, da ledar Hajiya a hannu. Famfon da muka saya a farkon Janairu har yanzu da nauyinsa idan aka girgiza.