Tankin hiliyam ko injin sanyi: wanne ya fi a na'urar hangen hasken farko?

Malam, tambayarka ita ce me ya sa kumbon hangen sama na Planck ya daina aiki bayan 'yan shekaru, alhali na'urorin Antaktika suna ta aiki har yau, kuma duk haske ɗaya suke farauta. Amsar tana wajen sanyaya su.

Hasken nan da ya rage tun farkon samuwar sararin samaniya zafinsa Kelbin 2.7 ne kacal, wato kusan digiri 270 ƙasa da daskarewar ruwa. Idan idon na'urar yana da ɗumi, hayaniyar zafin jikinsa za ta danne abin da ake nema. Shi ya sa ake kai shi Kelbin 0.3, wani lokaci har 0.1. Hanya biyu ake bi, kamar mai kula cike da ƙanƙara da mai firji: ɗaya sanyinsa na ƙarewa, ɗaya kuma sai da wuta.

Ta farko, a cika tanki da ruwan hiliyam, yana ƙafewa yana tafiya da zafi. Ba ƙara, ba girgiza, ba ya cin wuta. Da ita NASA ta harba kumbon COBE a 1989, da lita 650. Cikin wata goma hiliyam ɗin ya ƙare, na'urar da ta auna zafin hasken ta tsaya a 1990. Ta gama aikinta, amma ba mai hawa sama ya ƙara mata.

Planck na Turai, wanda aka harba a Mayun 2009 zuwa nisan kilomita miliyan 1.5, ya haɗa dabaru ne hawa-hawa. Faifai uku masu sheƙi suna zubar da zafi cikin sarari har ƙasa da Kelbin 50, injin haidirojin ya kai 20, na hiliyam ya kai 4. Hawa na ƙarshe shi ne mai ƙarewa: ana gauraya nau'in hiliyam biyu, hiliyam-3 da hiliyam-4, cikin siraran bututu, gaurayawar ta ja zafi har 0.1, sannan a saki iskar waje. Kada ka ɗauka almubazzaranci ne. Irin wannan firjin a ƙasa nauyi ne ke raba masa ruwan gida biyu don a sake juya shi, can sama kuwa babu nauyi. Hiliyam-3 ya ƙare a Janairun 2012, bayan wata 30, ninkin abin da aka tsara. Na'urori biyu ke cikin Planck: mai Kelbin 0.1 ta tsaya nan, ɗayar, mai Kelbin 20, ta ci gaba har aka kashe kumbon a Oktoban 2013.

A ƙasa labari ya sha bamban, nan hanya ta biyu take. Injin matsa iska yana bugun hiliyam cikin bututu, iskar tana zagayawa ba ta fita. Aibinsa: yana shan wutar kilowat da dama, bugunsa na girgiza idanun na'ura, kuma idan aka karkata shi da yawa ƙarfinsa na raguwa, ga shi na'urar hange dole ta karkata. Duk da haka a tsakiyar Antaktika ya fi sauƙi. Jirgi ba ya zuwa daga Fabrairu zuwa wajen ƙarshen Oktoba, don haka na'urar hangen BICEP2 da ke can sai da aka tara mata ruwan hiliyam na dukan hunturu, ma'aikaci yana yi mata ƙari kowane 'yan kwanaki. Na'urorin Keck da BICEP3 da suka biyo bayanta, ga injin suka koma. Cibiyar hangen Simons da ke hamadar Atakama a Chile, tsayin mita 5,200, ita ma da inji take kai Kelbin 0.1.

A ganina, inda hannu ke kaiwa kuma akwai janareta, inji ya yi wa tanki fintinkau, balle hiliyam na da tsada. A sama kuwa ba zan ga laifin masu Planck ba: sun sayi wata 30 ba tururin ruwan iskar duniya a gabansu, suka zagaye dukan sama sau biyar, abin da na'urar da ke kafe a wuri guda ba za ta iya ba.