Tayil mai maganaɗisu ko bulon roba ga 'yan nazare

Malama, kin tambayi abin da za ki saya wa 'yan nazare don gini da wasa da haske. To tsakanin tayil ɗin wasan yaran nan na roba masu kala da maganaɗisu a ciki da bulon roba irin na Lego da kika ce kuɗinki ɗaya kawai zai isa, ki sayi tayil ɗin kawai ki huta.

Ni ina da su a ajina na 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma gaskiya ba don gini na fi son su ba, don haske ne. Tagar ajinmu tana kallon gabas, da safe kafin rana ta ɗaga sai in shimfiɗa farin zani a ƙasa in bar su su jera tayil ɗin a bakin taga, sai ki ga ja da kore da shuɗi sun zubo a kan zanin, yara su yi ta saka hannu da ƙafa a ciki suna ihu wai hannunsu ya rine. Akwai wata 'yar ƙarama da ba ta cika magana ba, ita ta fara ɗora ruwan ɗorawa a kan shuɗi ta ɗaga ta leƙa, ta ga ya koma kore, ta raba su ta ga koren ya ɓace, ta sake haɗawa, har aka tashi tara tana nan tana wannan aikin, daga baya ta jawo min hijabi wai Anti zo ki ga na yi kore. Ban ce mata komai a kan haɗa kala ba wallahi, da kanta ta gano. Ranar da hazo ya rufe rana kuwa tocilar waya ta wadatar, a sauke labule su gina ɗaki mai bango huɗu a saka tocilar a ciki.

Ta wajen gini ma ba su da wahala ga ƙananan hannu, da kin kawo gefe kusa da gefe sun manne. Su shimfiɗa masu kusurwa huɗu guda shida a ƙasa su ɗago su ya zama akwati, masu kusurwa uku su zama rufi. Abin da ba ni so ɗaya ne, in ginin ya yi tsawo yaro ɗaya ya gifta sai ya rushe gaba ɗaya, sai kuka da rabon faɗa.

Bulon roba kuma, to yana da ƙarko, ba zan hana shi wannan ba, kuma ginin ba ya rushewa da sauƙi. Amma nawa na cikin kwali a saman kabad, kwaikwayo ne, wasu ba sa kamawa wasu kuma in sun kama sai da haƙori yara ke raba su. Haske ba ya ratsa shi, to rabin abin da kike so ma babu. In dai za ki saya wata rana ki nemi manya girman Duplo, wanda aka yi ninki biyu na ƙaramin Lego saboda ƙananan yara, ƙananan nan baki suke tafiya.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa a intanet don Allah. Za su sa hoton manya su rubuta guda 100, kaya su iso ki tarar da 'yan mitsi-mitsi, kuma a cikin ɗarin nan har tayoyin mota da sitika da katin ABC sun ƙirga. Ki ce a ɗora miki ɗaya a tafin hannu a yi bidiyo, na daidai gefensa wajen santimita 7 da rabi ne, kuma ki tambayi nawa ne ainihin tayil ɗin. Kowa cewa zai yi nasa Magna-Tiles ne, wato na sanannen kamfanin nan na asali, alhali yawancin na kasuwa ba su ba ne. Kwaikwayon ma akwai mai kyau, amma ki duba kusurwoyin, masu kyau za ki ga 'yan ƙusoshin ƙarfe sun riƙe su, na banza liƙe su kawai aka yi, ya faɗi a siminti ya buɗe maganaɗisun ya fito. Nan ne haɗarin yake, yaro ya haɗiye guda biyu suna iya kamo juna ta jikin hanji su huda shi, magana ce ta tiyata. Shi ya sa ake rubuta shekara 3 zuwa sama a kwalin, kuma ni duk wanda ya tsage ko kaɗan ne cire shi nake.

In kina Kano ki daure ki shiga Sabon Gari da ƙafarki, ki sa a buɗe kwalin a gabanki, ki haɗa biyu ki girgiza ki ga ko za su rabu. Ki ɗauki wanda masu kusurwa huɗu suka fi yawa a ciki, su yara suka fi yi wa rububi.