Tanura ta Alkahira ko sema ta Konya

Wa'alaikumussalam ɗan uwa. Ka ce ka samu gurbin karatu biyu, ɗaya a Alkahira ɗaya a Konya ta Turkiyya, kana tambaya ina ne ɗalibi zai fi more kiɗa da rawar mutanen gari, tunda duka biyun ka ga masu juyi a bidiyo. To juyin nan ne kawai ya haɗa su wallahi, sauran duk daban.

Ta Konya sunanta sema, ta mabiya Jalaluddin Rumi ce wanda ya rasu a garin ran 17 ga Disamba 1273, kuma su masu yi ba sa ɗaukarta wasa, zikiri ne a wajensu. Za su shigo da baƙar alkyabba da doguwar hula, sai su tuɓe alkyabbar farin buje ya bayyana, farin nan likkafani yake nufi hular kuma dutsen kabari. Hannun dama na kallon sama na hagu na kallon ƙasa, sarewar nan da suke ce wa ney tana tashi a hankali, da yabon Annabi (SAW) ake buɗewa a rufe da karatun Alƙur'ani. Ba a tafi, ka riƙe wannan. A 1925 gwamnatin Ataturk ta rufe zawiyoyin sufaye, shi ya sa yau galibi a zauren al'adu za ka gan ta kana zaune a kujera ba a zawiya ba.

Tanura kuwa hayaniya ce mai daɗi. A Wikalar Guri aka saba yinta, tsohon masaukin fatake da Sultan Guri ya gina wajen 1504, taku kaɗan daga masallacin Azhar, in kana karatu a wajen da ƙafa ma za ka je. Bujen launi-launi ne mai nauyi, mutum zai fi rabin awa yana juyi ba hajijiya, can sai ya zare na saman ya ɗaga shi bisa kai yana wulwulawa, ga ganguna ga rababa ga mai sagat wato 'yan fayafayan ƙarfen nan na yatsu yana zolayar 'yan kallo da su, kowa na tafi. Ka je da wuri don layi ake yi, kuma ka tambayi wurin da ranakun tukuna don suna canzawa.

Amma ni abin da na fi so ka duba shi ne na kullum, ba na dandamali ba. A Masar kiɗa ne ke zuwa ya same ka, keke napep ɗinsu na wucewa da mahraganat, kiɗan zamani na samarin unguwa, kamar sifika za ta fashe, zaffa wato rakiyar amarya da kiɗa a ƙofar gida da guɗa, mauludin Sayyidina Husaini da na Sayyida Zainab masu madahu har asuba, in ka samu aboki Basa'ide, wato mutumin kudancin Masar, ka ga tahtib, rawar sanda. Kuma in kana da Larabci ko na Islamiyya ne, cikin 'yan watanni kunnenka zai fara kama baitocin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yawanci ɗan kallo kake.

A Turkiyya saka ka ake yi ciki. In aka buga gangar davul da zurna (zurna da mizmar ɗin Masar duk 'yan uwan algaitarmu ne, kana ji za ka gane) sai a ja layin halay, a riƙe juna da ƙaramin yatsa, na gaba yana kaɗa hankici, biki ne ko rakiyar saurayi da zai tafi soja, ba ruwansu da ko ka iya, hannunka kawai za a ja. Sai dai maza da mata kan haɗu a layi a wasu bukukuwan, in kana kiyaye wannan ka tsaya gefe ba wanda zai ji haushi. Waƙar ce ba za ka gane ba sai ka gama shekarar koyon Turkanci.

Don haka in fahimta kake so da arha da yawa, Alkahira zan ce maka ba tantama. In so kake ƙafarka ta taka, Konya. In Konyan ka zaɓa ka nemi tikitin makon tunawa da Rumi tun da wuri, 7 zuwa 17 ga Disamba ake yi, garin cika yake, kuma ka tanadi rigar sanyi mai kauri don sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne.