Wace Taswira Za Ka Saya Don Koyar Da Tsoffin Dauloli?

Malamin da zai koyar da tarihin Masar ko Mesofotamiya (ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat), kafin ya ambaci sunan Fir'auna ko ɗaya, sai ya nuna wa yara ruwa. Kogin Nilu, Dijla da Furat a Iraƙi ta yau, Indus a Pakistan, Huang He a Sin: a bakin waɗannan kogunan manyan biranen farko suka tashi. Saboda haka, in kuɗi na abu ɗaya ne, ni dai babbar taswirar bango mai nuna yanayin ƙasa zan saya, wadda aka lulluɓe da leda, ana rubutu a kai a goge.

Irin wannan taswira tana yi wa malami rabin aiki. Yaro na ganin siririn koren layi yana ratsa hamada, ya gane dalilin da Misrawa suka maƙale wa Nilu. Ka ba shi alƙalamin maka ya bi kogin yadda yake gudana daga kudu zuwa arewa, nan take zai fahimci yadda aka yi Masar ta Sama take kudu, abin da ke rikita har manya. Daga nan ya koma kudu zuwa birnin Meroe na daular Kush a Sudan, ya auna nisan da ma'aunin da ke gefe. Ka tabbata akwai wannan ma'auni, da alamar arewa, da jadawalin alamomi. In babu su, ado ka saya.

Ƙwallon duniya? Yana da kyau a kan tebur, amma ɗan yatsa ɗaya ya rufe Mesofotamiya gaba ɗaya. Google Earth kuma duniyar yau yake nunawa. Littafin taswirorin tarihi yana da amfani, sai dai na hannun malami ne.

Yanzu ga inda aka taɓa cuta ta. Na sayi wata mai ɗauke da sunan "tsohuwar duniya", sai a gaban aji wata ɗaliba ta tambaye ni ko Fir'auna ne ya haƙa mashigin Suwez. Na duba, ga shi kuwa ɓaro-ɓaro, mashigin da aka buɗe a 1869! Ashe taswirar zamani ce aka manna wa tsoffin sunaye. Tun daga ranar nake duba wuri uku. Mashigin Suwez ɗaya. Tafkin Nasser biyu, domin madatsar Aswan ce ta haifar da shi, ita kuwa a 1970 aka kammala ta. Na uku birnin Ur a kudancin Iraƙi: a zamanin Sumeriyawa, tsoffin mazauna yankin, yana kusa da gaɓar teku, in ka gan shi can cikin tudu kamar yau, mai zanen bai yi bincike ba.

Sai kuma zanen Mercator na 1569, salon zanen taswira da aka yi don matuƙan jirgin ruwa, mai ƙara wa ƙasashen can arewa da can kudu girma. Dubi Girinlan: in ta kusa kai Afirka girma, mayar wa mai ita, domin Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Kada ka yarda da hoton da ke jikin kwali. A warware maka ita ka gani da idonka kafin ka biya.