Rough Rider ko Wrangler: Amsa ga Ƙanenmu Mai Neman Libarba Mai Araha

Wani ƙanenmu a wannan zaure, mazaunin Amurka, ya ce ya samu katin zama na dindindin, kuma yana so ya fara koyon harbi a filin atisaye ranakun hutu. Kuɗin da ya ware bai wuce dala 250 ba. A shagon da ya leƙa an nuna masa libarba biyu masu cin harsashin .22, wato Heritage Rough Rider da Ruger Wrangler. Yana tambaya wacce zai ɗauka, kuma wacce ta fi karɓar gyara idan ya so canza mata wani abu nan gaba.

Ƙanena, in ni ne kai, Wrangler zan ɗauka. Na riƙe su duka biyun, na yi harbi da su, kuma ina son kowacce a muhallinta, amma ga wanda bai taɓa mallakar bindiga ba akwai dalili guda da ya rinjayi sauran, shi zan fi daɗewa a kai.

Su biyun jikokin bindiga ɗaya ne, Colt ta shekarar 1873, wadda kowa ya sani a ƙugun kaboyi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, kamfanin Colt ya daina ƙera ta, bayan yaƙin kuma sai ga finafinan kaboyi sun cika talabijin, jama'a suna nema babu. William Ruger, mai kamfanin Ruger, ya ga wannan giɓi, ya fito da Single-Six a 1953, 'yar ƙaramar kwaikwayonta mai cin .22. Har yau ana ƙera Single-Six, sai dai kuɗinta ya ninka abin da ka ware. Heritage, wanda ya faro a Florida, kamfanin Taurus ya saye shi a 2012, yanzu kuma yana aiki a Bainbridge ta jihar Jojiya, shi ya daɗe yana riƙe da kasuwar masu ƙaramin ƙarfi da Rough Rider. A 2019 Ruger ya shigo wannan kasuwa da Wrangler, farashin kamfani dala 249, a shago kuwa ƙasa da haka.

Yadda suke aiki ɗaya ne. Kunama ba ta ɗana komai, aikinta saki kawai. Kafin kowane harbi sai ka ja hama, wato ƙarfen da ke kai bugu a bayan bindiga, baya da babban yatsa, silinda mai ramukan harsashi ta juya ta kawo sabon harsashi daidai bututu. Lodi kuma ta wata 'yar ƙofa ake yi a gefen dama, ɗaya bayan ɗaya, haka ma fitar da kwanso, da sandar da ke kwance ƙarƙashin bututu. Ramuka shida ne a kowacce, ko da yake Heritage yana da mai tara. Wannan jinkiri alheri ne ga ɗan koyo, domin yana tilasta maka ka natsu a kan kowane harsashi.

To, ga inda suka rabu. A tsohon tsarin Colt, idan hama tana kwance, tsinken da ke bugun harsashi yana dab da gindin wanda ke ƙarƙashinta. Bindiga ta suɓuce ta faɗi a kan hamar, sai ta tashi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya, shi ya sa mutanen da suke loda biyar su bar ramin da ke ƙarƙashin hama fayau: a sa ɗaya, a tsallake ɗaya, a sa huɗu, a ja hama har ƙarshe a kwantar da ita a hankali kan ramin da babu komai. A 1973 Ruger ya sake tsarin cikin libarbansa gaba ɗaya. Ya sa wani ɗan ƙarfen tsakani wanda ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe. Idan ya taso, hama ta bugi ƙarfen, ƙarfen ya bugi tsinke, tsinke ya bugi harsashi. Idan ba a ja kunama ba, ƙarfen yana ƙasa, hama ta jingina da jikin bindiga, babu hanyar da bugunta zai kai ga harsashi. Wrangler ta gaji wannan tsari. Ba ka da abin kunnawa ko kashewa, kariyar tana aiki ko ka tuna ko ka manta.

Rough Rider ta riƙe tsohon tsari, sai aka ƙara mata makulli na hannu a gefen hagu, kusa da hama. Idan ka ɗaga shi yana tare hamar, idan ka kwantar da shi sai jan ɗigo ya bayyana, alamar ta shirya. Makullin yana aiki, amma ya dogara ne da tunawarka, kuma shi kansa kamfanin yana gargaɗin a bar ramin da ke ƙarƙashin hama babu harsashi idan za a yi yawo da ita. Sannan lodinta sai ka ja hama zuwa rabi kafin silinda ta saki, ka gama kuma ka ja ta har ƙarshe, ka danne ta da yatsa, ka ja kunama, ka kwantar da ita sannu. Lura da kyau: kana jan kunama a kan bindiga mai lodi ba don ka yi harbi ba. Wanda ya saba yana yi ba tare da fargaba ba. Sabon hannu mai gumi, a filin harbi mai ƙara ta ko'ina, nan ne yatsa ke zamewa. A Wrangler kuwa hama tana kwance kake buɗe ƙofar lodi, silinda ta saki tana juyawa ko ta wane ɓangare, ka zuba, ka rufe, shi ke nan. Ba ka taɓa hama ba, ba ka taɓa kunama ba. Wannan kaɗai ya isa in ce ka ƙara kuɗin ka ɗauki Wrangler.

Ba ina nufin Rough Rider ba ta da abin so ba. Idan ka ja hamarta za ka ji ƙas sau huɗu kamar na Colt ta asali, kuma masu sha'awar tsohon yayi ba sa musanya wannan da komai. Kunamarta ma sau da yawa ta fi ta Wrangler laushi daga kwali, domin Wrangler tana zuwa da sifirin mai ƙarfi, hamarta da ƙofar lodinta suna da tauri har sai an ɗan yi amfani da su.

Ta fuskar jiki, bututu da silinda ƙarfe ne a duka biyun. Gangar jikin Rough Rider ta yau da kullum gamin tutiya ce da aka shafa wa baƙin fenti, kuma fentin yana gogewa a gefuna da wuri. Saboda wasu jihohi irin su Illinois da Minnesota suna da dokar da ta hana sayar da ƙaramar bindigar da jikinta ke narkewa a ƙaramin zafi, Heritage yana yin wata mai jikin ƙarfe zalla. Gangar Wrangler alminiyam ce, an rufe ta da fentin Cerakote mai juriya, launukanta na farko baƙi da ruwan azurfa da ruwan tagulla. Nauyinta wajen giram 850, bututu inci 4.62, daga baya aka ƙaro masu gajere da masu tsawo. Da ka riƙe su hannu da hannu za ka ji Wrangler ta fi haɗuwa tsaf. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta tabbata, tunda Rough Rider takan sauko ƙasa da dala 150, lokacin rangwame ma ta kusanci 100. Sai dai ƙarfin harsashin .22 kaɗan ne, jikin tutiya yana ɗaukarsa shekara da shekaru. Heritage yana ba da garanti a rubuce, Ruger ba ya bayarwa, amma ya yi suna wajen gyara kayansa idan an mayar masa.

Inda Rough Rider ta yi wa Wrangler fintinkau shi ne maganar Magnum. Akwai .22 LR, wanda ya fito tun 1887, shi ne mafi arahar harsashi a Amurka, ana sayar da shi kwali-kwali na ɗaruruwa. Akwai kuma .22 Magnum da Winchester ya fitar a 1959, mai doguwar kwanso da ƙarin albarushi. Rough Rider tana karɓar silinda ta biyu ta Magnum, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ka zare sandar tsakiya, ka cire wannan, ka sa waccan, cikin minti guda. Wrangler ta asali .22 LR kawai take ci, kuma kada kowa ya ruɗe ka da cewa za a iya cusa mata silindar wata bindiga. Amma tambayi kanka me za ka yi da Magnum. Mai gona a karkara da dabbobi ke yi wa kajinsa ɓarna yana da amfani da shi. Kai da za ka huda takarda daga yadi 15, ƙarin ƙara da ƙarin kuɗi kawai za ka samu, domin farashinsa ya ninka na LR sau da yawa. Idan ka mallaki silinda biyu, kada ka taɓa sa LR a ramin Magnum. Ramin ya fi shi faɗi, kwanson yana iya tsagewa ya feso maka iska mai zafi.

Wajen saiti kusan kunnen doki suka yi. Duka biyun ɗan tsagi ne a saman jiki da ɗan ƙarfe tsaye a bakin bututu, ba a murɗa su. Idan taka tana zuba harsashi ɗan hagu ko ɗan ƙasa, sai ka koyi halinta, ka kuma gwada harsasan kamfanoni daban-daban, don kowace .22 tana da irin wanda ta fi so.

Yanzu maganar gyara. Abu mafi sauƙi kuma mafi daɗi shi ne mariƙi. Wrangler tana zuwa da na baƙar roba, amma girmansa ɗaya da na Single-Six ta zamani, saboda haka kasuwar mariƙan katako da na ƙaho da aka daɗe ana yi wa waccan a buɗe take gare ka, noti ɗaya ne ka kwance ka ɗaure. Heritage kuma shi da kansa yake sayar da mariƙai kala-kala da silindu masu zane. Na biyu, ɗigon fenti ja ko ruwan lemo a kan saitin gaba, yana taimaka wa ido ƙwarai a kan baƙar takarda. Na uku, notuna. Masu Rough Rider suna yawan ambaton cewa suna kwancewa da harbi, musamman wanda ke riƙe da gidan sandar fitar da kwanso. Ɗigon Loctite shuɗi, wani gam na riƙe noti, yana magance wannan. Kada ka sa ja, ba ya kwantuwa sai da wuta. Ka kuma nemi sukundireba da ta cika bakin notin daidai, don kada ka cinye shi.

Daga nan sai ka tsaya. Mutane suna sayen sifirin mai laushi, irin na kamfanin Wolff, don hama ta yi sauƙin ja. A wannan nau'in harsashi abin da ke kunna albarushi yana cikin leɓen gindin kwanso ne, sai an murƙushe leɓen da ƙarfi yake kamawa. Ka rage ƙarfin sifirin fiye da kima, ka fara jin ƙas babu tashi. Goge haƙoran da ke riƙe hama da kunama kuwa aikin maƙerin bindiga ne mai lasisi. Ɗan abin da ka cire ba ya dawowa, kuma hamar da ba ta kama da kyau tana iya faɗawa da kanta. Akwai kuma gyaran da doka ta hana kai tsaye: ɗaura wa ƙaramar bindiga gindin kafaɗa yana mayar da ita gajeriyar raifal a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, wadda sai da rajista ta musamman. Haka nan kada ka riƙa jan kunamar Rough Rider babu komai a ciki, tsinken yana iya cin bakin ramin silinda. Ka sayi harsasan roba na atisaye.

Idan ka lissafa mariƙi da sifirin da ladan maƙeri ka ga sun tasar wa dala 100, to ka ajiye lissafin ka dubi Super Wrangler da Ruger ya fitar a 2023. Jikinta ƙarfe ne, bututu inci 5.5, saitinta ana murɗa shi sama da ƙasa da gefe, tana zuwa da silinda biyu, LR da Magnum, da wancan ƙarfen tsakani. Farashin kamfani lokacin fitowarta dala 329 ne. Ta ɗan haura abin da ka ware, amma duk abin da za ka so ƙarawa daga baya yana jikinta tun daga kwali.

Katinka na dindindin ya ba ka damar saye a dokar tarayya, muddin ka kai shekara 21. Za ka cike fom 4473, takardar gwamnatin tarayya ta mai sayen bindiga, a binciki sunanka, sannan jiharka tana iya samun nata sharuɗɗan, ka tambaya a shagon. 'Yan'uwa masu bizar karatu ko ta ziyara, hukuncinku daban ne, a mafi yawan hali an hana ku. Masu karantawa daga gida kuma, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, lasisinsu daga shugaban ƙasa kaɗai yake fitowa, don haka kada wani ya yi tunanin sako ta cikin kaya zuwa Kano.

Ranar da za ka koma shagon, ƙanena, ka roƙi mai shago ya nuna maka babu harsashi a ciki, sannan ka nemi izini ka ja hamar a kan kowane rami, ka ji ko silinda tana kullewa ba tare da lilo mai yawa ba. Ka dubi saitin gaba ko a tsaye yake cak, bai karkata ba. Daga kuɗin ka ware na abin toshe kunne da tabarau da akwati mai makulli, musamman idan akwai yara a gida, ka kuma yi rajistar darasin farko da malamin harbi a filin da za ka riƙa zuwa. Shi zai nuna maka inda ba a sa yatsa, wato tsagin da ke tsakanin silinda da bututu, inda wuta da ɓurɓushin dalma ke fesowa a kowane harbi.