Wane karatu ne zai kai ka ga aikin gyara tituna domin masu tafiya a ƙafa?

Wanda ya san yadda ake tsallaka titi a bakin Kantin Kwari da La'asar, ko yadda ake bin gefen hanya a Sabon Gari ana kauce wa buɗaɗɗen lambatu da 'yan tebur da Adaidaita Sahu, ya san akwai aikin da ba a yi ba a garuruwanmu. Matasa da dama suna sha'awar wannan aiki, sai dai ba su san ƙofar shigarsa ba. Ƙofofin da aka fi bi su ne digirin tsara birane, zanen gine-gine, injiniyancin hanyoyi, ilimin labarin ƙasa, sai kuma digiri na biyu a ƙasar waje da gajerun kwasa-kwasan intanet. Kowacce da farashinta, kuma ba kuɗi kaɗai ake biya ba, har da shekarun ƙuruciya da ba sa dawowa.

Abu biyu ya kamata ka auna kowacce da su. Na farko, shin karatun zai fitar da kai titi da tef ɗin awo a hannu, ko a aji za ka ƙare? Na biyu, shin takardar da za a ba ka za ta kai ka ga rajistar da za ka sa hannu a kan zane hukuma ta karɓa?

A kan waɗannan biyun, digirin tsara birane da yankuna na shekara biyar shi ne zaɓina, kuma da tazara. Ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da ta Modibbo Adama a Yola. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da difloma da babbar difloma a fannin. A jarrabawar JAMB yawanci ana neman Turanci da lissafi da labarin ƙasa, sai darasi guda kamar tattalin arziki ko fizis, amma a duba ƙa'idar kowace jami'a a shekarar da za a nema, don sukan bambanta.

Ƙashin bayan karatun shi ne situdiyo. Kowane zango ana ba aji wata unguwa ko wani gari, a je a yi awo, a ƙirga, a tambayi mazauna, a dawo a zana, sannan a tsaya gaban malamai a kare abin da aka zana. A shekara ta huɗu akwai wata shida na koyon aiki a ma'aikata. Ana kuma karanta dokoki biyu da babu mai gyara titi a Najeriya ba tare da ya ci karo da su ba: dokar amfani da ƙasa ta 1978 da dokar tsara birane da yankuna ta 1992. Bayan kammalawa da hidimar ƙasa da 'yan shekarun aiki a ƙarƙashin mai rajista, sai a nemi rajistar TOPREC, hukumar da aka kafa a 1988 domin tantance masu wannan sana'a. Ƙungiyarsu ta NITP ta girme ta, tun 1966 take. Mai babbar difloma sai ya ƙara da wani mataki na karatu ko jarrabawa kafin ya kai ga cikakkiyar rajista, don haka hanyarsa ta fi tsawo, ko da yake sau da yawa ya fi ɗan jami'a saurin hannu a zane.

Kada a ɗauka digirin ba shi da aibi. Manhajar wasu sassan ta fi karkata ga yanka filaye da babban tsarin gari irin na da, kamar wanda masanin tsara birane Trevallion ya yi wa Kano a 1963, ko na takwaransa Max Lock na Kaduna a 1967, ko na Abuja na 1979. Ana iya gamawa da sakamako mai kyau ba a taɓa zana yankin titi ko guda ba, wato hoton titi kamar an datse shi daga katangar wannan gefe zuwa ta wancan, an rubuta faɗin kowane sashe. To wannan zanen kuwa shi ne ainihin sana'ar. Idan sashenku bai koyar ba, kai ne za ka nema da kanka, kuma aikin binciken shekarar ƙarshe shi ne damarka.

Ga misalin lissafin. A ce faɗin hanya daga katanga zuwa katanga mita 24 ne. Bisa al'adar manyan hanyoyinmu, kowane hannu mai layi biyu yana cin mita 7.3, wato 3.65 ga kowane layi. Hannu biyu sun ci 14.6, tsibirin tsakiya ya ci 2, saura 7.4, kowane gefe ya sami 3.7. Idan aka bar lambatu a buɗe, fiye da mita guda ta tafi a banza. Amma a rage layin mota zuwa 3.25, wanda ya ishi bas a cikin gari, sai kowane gefe ya koma 4.5. Daga nan a ba bakin shaguna mita 1, a bar mita 2 fayau domin tafiya a kan rufaffen lambatu, a ware 1.5 ta bakin kwalta domin bishiya da turakun fitila da 'yan tebur da wurin tsayawar Adaidaita. Santimita 80 ɗin da aka ƙwato daga mota su ne bambancin titi mai inuwar darbejiya da titin da rana ke gasa mutane. Hanyar ƙafa mai faɗin ƙasa da mita 1.8 ba ta isa masu keken guragu biyu su gifta juna ba. Tsayin dakalin gefen titi kada ya wuce santimita 15; inda aka bi tsayin bangon lambatu aka kai shi 30 ko 40, tsoho da mai goyo da ɗan garuwa duk kan kwalta suke komawa. Gangaren hawa kada ya fi 1 cikin 12 tsanani, kuma a karkata shimfiɗar da kashi 2 cikin 100 don ruwan sama ya zurare.

Intalok, wato tubalan siminti da ake shimfiɗawa a ƙasa, shi ma yana da ƙa'ida. Mai kaurin milimita 60 na ƙafa ne, inda mota za ta hau a ƙofar gida ko gidan mai sai mai 80. Ana shimfiɗa shi a kan yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5, bisa ƙasar da aka daddaɓe da inji, a kuma ɗaure bakinsa da kankare. In aka tsallake daɓe ko ɗaurin baki, damina ɗaya ta isa ya wargaje, sai a ce intalok ɗin ne ba shi da kyau.

Ƙirgen mutane kuwa ba ya buƙatar komai sai agogo da takarda. A tsaya a wuri guda, a ƙirga masu wucewa na minti 10 a kowace sa'a, a ninka sau 6 don a sami adadin sa'a guda. A yi ranar aiki, a yi ranar Juma'a, a yi ranar da kasuwa ke ci. A ware maza da mata da yara da masu tura baro, sannan a sa alama a taswira daidai inda mutane suke tsallakawa da kansu. Nan ya kamata zanen tsallaka ya kasance, kowace mita 80 zuwa 100 a inda ake cinkoso, da tsibirin tsakiya mai faɗin aƙalla 1.8 inda mutum zai tsaya ya huta. Gadar masu ƙafa tana tilasta hawan sama da mita 5, ga zagaye, shi ya sa za ka gan ta fayau mutane na kutsawa ta ƙarƙashinta.

A cikin sauran ƙofofin, zanen gine-gine karatu ne mai kyau, zai ba ka hannu da ido, amma tunaninsa yakan tsaya a katangar fuloti. Wanda ya fi son dandali da lambun shaƙatawa irin Millennium Park na Abuja zai iya bi ta nan ya ƙara da digiri na biyu a tsara shimfiɗar fili. Labarin ƙasa zai koya maka taswira, ba zai ba ka rajista ba sai ka sake komawa makaranta. Injiniyancin hanyoyi shi kaɗai ne abokin hamayya na gaske, domin injiniya mai rajistar COREN, hukumar tantance injiniyoyi, shi ne yake sa hannu a zanen titin da za a gina, kuma kuɗin aikin ta teburinsa suke bi. Matsalarsa ita ce an horar da shi ya ƙirga motoci ya kuma tsiyaye ruwa. Mai ƙarfi a lissafi da ya zaɓi wannan hanya bai yi asara ba, in dai zai ƙara da karatun tsara sufuri, misali a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya.

Digiri na biyu a waje, kamar na cibiyoyin nazarin birane na IHS a Rotadam ko DPU a Landan, ƙari ne ga wanda ya riga ya yi shekara biyu ko uku yana aiki kuma ya sami tallafi irin Chevening ko DAAD. A sayar da gona a kai sabon ɗan digiri can ba dabara ba ce. Kwas ɗin intanet kuma na koyon manhajojin kwamfuta na taswira da zane da tattara bayanai ne, irin QGIS da AutoCAD da KoboToolbox, ba ya wuce nan.

Sai maganar aiki, wadda ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Da wuya ka ga tallar gurbi mai sunan gyara hanyar masu ƙafa. Yawancin guraben suna hukumomin tsara birane da filaye irin KNUPDA a Kano, KASUPDA da KADGIS a Kaduna, FCDA da AGIS a Abuja, da ma'aikatun ƙasa da safiyo na jihohi, kuma aikin farko yakan zama duba takardun izinin gini da shafa jan fenti a katanga. Kada a raina shi. A nan gefen titi yake salwanta, lokacin da mai shago ya turo rumfarsa mita biyu gaba aka yi shiru. A teburin yanka filaye kuma ake samun filin wasa da dandali ko a rasa su. UN-Habitat, hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana ba da shawarar a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙasar sabuwar unguwa ga tituna. Je ka auna unguwar awon igiya ka ga ko lungunanta sun kai rabin haka. Legas ce ta fi nisa, inda hukumar sufurinta LAMATA da ƙungiyar tsara sufuri ta ITDP suka yi aiki kan manufar zirga-zirgar ƙafa da keke. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma ta buɗe ƙofa, domin ta wajabta a saukaka musu shiga gine-gine da hanyoyin jama'a.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan na fi so a buɗe kunne. Sashe na iya samun amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, ko NBTE mai kula da kwalejojin fasaha in kwaleji ce, amma bai sami ta TOPREC ba. Ɗalibi ba zai gane ba sai bayan shekaru, ranar da ya je neman rajista aka ce takardarsa ba ta cikin lissafi. Kada ka yarda da “ana kan hanya” ko “kafin ku gama za a samu”. A nuna maka wasiƙar amincewar, ka duba shekararta, domin amincewa tana da wa'adi kuma tana ƙarewa. Cibiyoyin karatu na ƙarshen mako da ke haya a ajin firamare suna ikirarin reshen wata jami'a ne, waɗannan ko kallo ba su ishe ka ba, don ba a koyon situdiyo a ranar Asabar kaɗai. Digirin gaggawa na maƙwabta ma kowa ya ga ƙarshensa: a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo bayan an bankaɗo yadda ake sayen digiri cikin makonni.

Akwai masu shirya bita ta kwana uku a otal, su karɓi kuɗi mai tsoka, su miƙa takarda mai zanen zinare da wasu haruffa da za ka liƙa a bayan sunanka. Babu hukumar da ta san haruffan. Akwai dillalan tallafin karatu masu karɓar kuɗin fom, alhali Chevening da DAAD ba sa karɓar ko sisi wajen nema, kuma a shafinsu kai tsaye ake cikewa. Mafi haɗari ita ce hayar hatimi: wanda bai da rajista ya yi rahoto, ya biya mai rajista ya buga masa hatimi ko karantawa bai yi ba. Sabon ma'aikaci yakan faɗa ciki da sunan neman na cefane, kuma in rigima ta tashi shi ake fara turawa gaba. Haka wurin koyon aiki da za a sa maka hannu a littafi kana kwance a gida; wata shidan nan su ne kaɗai lokacin da za ka ga yadda zane yake komawa siminti, kada ka ba da su kyauta.

Kafin ka sa sunan jami'a a fom, ka taka ka je sashen. Nemi a kai ka situdiyon 'yan aji huɗu, ka dubi abin da ke manne a bango. Idan duk taswirori ne masu launi na gari sukutum, babu zanen titi ko guda mai ma'aunin 1:100 ko 1:200, ka san gibin da za ka cike da kanka. Tambayi ɗaliban, ba malamai ba, sau nawa suka fita awo a zangon da ya wuce, kwamfutocin ɗakin taswira nawa ne suke tashi, kuma malamai nawa ne a sashen suke da rajistar TOPREC.